Gwaggo Mai Duban Jini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggona, yayar mahaifina, ta rasu da hantsin wata Talata, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa. Allah ya sa ina gida, domin lokacin hutun lakwal ne, wato makarantar boko inda nake koyarwa. Kafin azahar mun yi mata sutura mun kai ta makwancinta, maza suka koma gona da hauyoyinsu, don damina ba ta jiran mai makoki.

Ranar farko mutanen garinmu ne kawai. Maza suka yi addu'a a taƙaice, kowa ya ce Allah ya ji ƙanta, ta yi wa jama'a aiki. A cikin gida kuwa magana ta rabu biyu. Akwai matan da suka yi kuka na gaske. Akwai kuma waɗanda na ji suna faɗa ƙasa-ƙasa cewa marigayiya dai akwai alheri, amma akwai zafin baki. Wata maƙwabciyarmu mai jikoki ta ce har gobe ba za ta manta marin da Gwaggo ta yi mata a bakin tabki ba, a gaban surukanta. Tana faɗa tana share hawaye da bakin zane.

Sai ranar sadakar uku muka fara gane girman abin da ya bar hannunmu. Fulani suka zo daga wajen Tabotaki da ƙoren nono. Buzaye suka sauka a raƙuma daga arewa da Ibohaman, mutanen da ban taɓa gani ba. Wata mata ta jawo saurayin ɗanta gabanmu, ta ɗaga haɓarsa tana nuna mana wuyansa, tana magana da harshen da ba mu ji sosai, amma mun gane abin da take nufi. Wani tsohon Buzu ya ƙi shan ruwan da aka ba shi sai an nuna masa inda take zama. Aka kai shi gindin adduwar da ke tsakar gida. Ya durƙusa ya dafa ƙasar wurin, ya ja rawaninsa ya rufe ido, ya daɗe bai tashi ba. Liman ya ce shi kam bai san sunanta ya yi nisa haka ba.

Cikin masu gaisuwa akwai wani ɗan'uwanmu matashi da ke aiki a Tawa. Ya matso kusa da ni ya tambaye ni, wai ita tsohuwar nan bokanya ce ko me? Ba da raini ya yi tambayar ba, bai sani ba ne kawai. Amma ta tsaya mini a rai. Idan ɗan gida bai sani ba tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba, to nan da 'yan shekaru wa zai sani? Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Gwaggo ba da zafin baki aka san ta tun fari ba. Waɗanda suka tashi tare da ita sun ce mace ce mai raha, in tana niƙa ana jin waƙarta har zaure. An yi mata aure a wani ƙauye tsakaninmu da Keita, a gidan mutanen da kakanninsu ke yanka wa duwatsu da tabkuna, ko da yake su sun daɗe da kama salla. Ta haihu da yawa, ɗa guda ne ya tsaya mata. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan Baba tare da shi. Shi ne taubashina, ya girme ni kaɗan, dogo, mai dariya. Ko da na zama mushe, wato malamin lakwal, ina sanye da wando da riga na boko, in ya hango ni sai ya ce ga bawansa nan ya dawo, a ba shi guga ya je ban-ruwa. Shi ke kula da shanun gidanmu, yana da mata da jaririya.

A farin nan na farko, shekarar da ta gabaci hawan soja mulki, rijiyoyinmu suka yi ƙasa har igiya ta kasa. Taubashina ya riƙa kai ragowar shanun wani gurbin ruwa a cikin kwazazzabo, ƙarƙashin duwatsu, wanda ba a taɓa jin ya ƙafe ba. Dangin ubansa suna jin tsoron wurin tun kaka da kakanni. Shi kuwa yakan sha yadda makiyaya ke sha in ƙishi ya kai musu, ya kwanta rubda ciki ya kafa baki. Bayan wani lokaci sai ya fara jin ƙaiƙayi a maƙogwaro, muryarsa ta dushe, ya fara tofar da jini. Ba mai yawa ba, amma ba ya tsayawa. Ga abinci babu, sai jar dawar taimako. Kafin a ankara tafin hannunsa ya yi fari fat, in ya tashi tsaye sai jiri ya kwashe shi.

Baffanninsa suka zo suka ce mai ruwan nan ne ya yi fushi, jinin da aka hana shi yake karɓa, a ba da baƙin bunsuru. Baba ya ce ba a gidansa ba. Shi a ganinsa beli ne ya faɗo wa yaron, wato ɗan naman nan da ke lilo a can cikin baki, kuma maganin beli sananne ne, wanzami ya yanke shi. Gidan likita yana Keita, jakunanmu sun mutu, majinyacin kuwa ba ya iya tafiya. Baba ya tashi da kansa ya kirawo wanzami.

Ina Madawa a lokacin, wurin aikina na farko. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo mini saƙo, na iso washegarin yankan, da safe. Na tarar da shi kwance a gefe guda, jini yana zuba daga gefen bakinsa cikin sakaina, Gwaggo tana zaune a gabansa, in ta cika ta ajiye ta sa wata. Wanzami ya gwada garin bagaruwa, ya gwada toka, ya gwada addu'a. Abin da ba zan manta ba shi ne jinin da ke cikin sakainun nan. Kowa ya san jinin rago in an yanka, kafin a gama fiɗa ya daskare ya zama guda. Wannan kuwa tun safe har rana ta take yana nan tsararo kamar ruwan jiƙo. Da la'asar sakaliya ya cika.

Mu uku muka yi masa wanka, Baba da liman, ni ina zuba ruwa. Da aka zo alwala aka kai ruwa hancinsa, sai ga abin ya leƙo. Baƙi ne, mai santsi, kaurinsa ya kai babban yatsa. Ya zamo a hankali ya faɗa ƙasa yana motsi. Liman ya yi salati, ya ce matsattsaku ce, ya kuma ce a binne wannan magana tare da mamacin, kada a ƙara wa uwa ciwo. Baba ya ce ba zai ɓoye mata abin da ya kashe ɗanta ba. Ya sa matsattsakun a sakaina ya kai wa Gwaggo har ɗaki, ina biye da shi.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Daga baya ta ce, “Ashe abin da ke cin ɗiyana rai gare shi, ni kuwa ina zaune gabanshi.” Ta ɗago ta dubi Baba. “Kai kuma ka tahi ka kawo mishi aska.”

Daga wannan rana ta daina yi wa Baba magana kai tsaye.

Bayan sadakar arba'in ta ɗaura ɗan ƙunshinta ta bi wasu Buzaye da ke komawa arewa. An ce mata akwai wata tsohuwa a cikinsu da ke cire wa raƙuma irin wannan abu. Kowa ya ce baƙin ciki ya taɓa mata hankali. Ba ta dawo ba sai da aka fara yankan gero, ta rame ta yi baƙi, da doguwar matsefata irin ta cire ƙaya a lalitarta da ganyen taba.

Na sha ganin aikinta. In an kawo mata mai haɓo ko mai tofar da jini, ba ta taɓa shi da farko. Sai ta miƙa masa wani farin kwano na tangaran, ta ce ya zuba a ciki, ta ajiye a inuwa, ta ci gaba da kaɗinta. In ta leƙa ta ga ya kwanta ya yi guda, sai ta ce wannan ba nata ba ne, zafin rana ne ko wani ciwon, a nemi likita. In kuwa ya zauna tsararo, sai ta ajiye mazari. Takan hana mutum ruwa tun safe har rana ta karya, sannan ta zaunar da shi yana fuskantar rana, ta kawo ƙwaryar ruwan sanyi dab da hancinsa. Ita ma matsattsakun ƙishi take ji, sai ta leƙo. Wani lokaci sai an ɗiga ruwan taba ko na gishiri kafin ta saki. Gwaggo ba ta fizga, ta ce in ka fizga bakinta zai tsaya a ciki. Bayan an cire kuma ba ta sallamar mutum, don ta lura jinin ba ya tsayawa nan take, yakan kai wuni yana tsattsafowa. Haka ta yi wa yara, da manya, da shanu, da raƙuma, har da jakin liman.

Maganganunta sun shiga bakin mutanen garinmu. Takan ce jinin kirki ya san kwanciya, in ya ƙi, akwai mai tashe shi. In ta ga yaro ya nufi ruwa da gaggawa sai ta ce, “Ido shi ka hwara sha, kahin baki.” Kowace randa a gidanmu akwai farin ƙyalle ɗaure a bakinta, kuma duk wanda ta kama ya kafa baki a tabki, ko babba ne, ya ji a jikinsa. Ta daina waƙa. Ranar layya, maimakon ta zauna cikin mata, sai ka gan ta tsugune kusa da masu yanka tana kallon yadda jini ke daskarewa a rami. In ta cire wa saniya kaska takan tsaya ta dubi gurbin, ta ce ka gani, ita ma wagga ta san sirrin. Ta sha tambayata ko littattafanmu na lakwal sun faɗi dalili. Na ce mata ban gani ba. Ta ce to me muke karantawa.

Ita da Baba kuwa gida ɗaya, ƙofa tana kallon ƙofa, amma sai dai aike. Takan ce wa matata, ki ce wa mai gida rumbu ya yoye. Shi kuma ya ce a gaya wa Yaya an ji. Kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa iska, ba ta dubansa. Bai taɓa fasawa ba.

Sau ɗaya na ga sun yi gaba da gaba, ranar sunan ɗana na fari. Wanzamin nan ya zo aski, kuma bisa al'ada zai cire wa jariri beli. Gwaggo ta tsaya a ƙofar ɗakin mai jego ta buɗe hannuwa, ta ce aski kaɗai, ƙarfe ba zai shiga bakin yaron nan ba. Baba ya zo ya ce haka aka yi wa kowa a gidan nan, har da ita. Ta ce a gaya masa ta sani. Mutane sun cika gida. Baba ya sassauta murya ya ce, “Yaya, abin da ya wuce ƙaddara ce.”

A nan ta juyo ta dube shi. “Ƙaddara ba ta da ƙahwa. Kai ka taka ka kirawo ta.”

Na ga Baba ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu. Sai ya haɗiye, ya juya ya fita. Aka yi wa yaron aski kawai. Baba bai ci naman sunan ba, wanzami ya tattara zabirarsa ya tafi ba sallama, baƙi kuma suka watse suna cewa tsohuwar ta wuce gona da iri. Ni kaina na ji daɗin abin da ta hana, amma na ji kunyar yadda ta hana.

Amsar tambayar da take yi mini, a Keita ta same ta. Wata rana aka kawo mata yarinya wadda abin ya yi mata nisa a maƙogwaro, matsefatarta ba ta kaiwa, numfashi kuma ya fara wuya. Gwaggo ba ta yi gardama ba, ta ce a ɗaura amalanke, ni kuma in raka su. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, mutum ne mai haƙuri. Ya haska fitila, ya sa wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa ya ciro ta, Gwaggo tana riƙe da kan yarinyar. Da aka natsu sai ta yi masa tambayarta, me ya sa jinin da wannan abu ya taɓa ba ya kwanciya.

Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce mata a cikin jinin kowane mutum Allah ya sa ma'aikata iri biyu. Akwai masu ɗaure jini in an ji rauni, su toshe ƙofar. Akwai kuma masu zuwa daga baya, in rauni ya warke, su narkar da gudan, don in babu su da jijiyoyinmu duk sun toshe. Ya ce masu shan jini sun san wannan. Matsattsaku tana da abu a yawunta da ke hana masu ɗaurewa aiki, har ya narkar da ɗan abin da suka fara ɗaurawa. Kaska ma haka, da tsutsar cikin da ke tsotson hanjin yara har su yi fari. Ya ce tsutsar tsargiya, mai sa fitsarin jini, ta fi su wayo, don a cikin jijiya take zaune shekara da shekaru. Da ƙaya ce a wurin, da jini ya daskare a kanta tuni. Ita kuwa sai ta jawo masu narkarwar nan na jikin mutum ta manna su a fatarta, ta tashe su aiki tun lokacinsu bai yi ba, hanya ta zauna mata a buɗe.

Gwaggo ta jinjina kai ta ce ashe da kayanmu ake cin mu. Sannan ta tambaye shi, in mutum yana da ita a maƙogwaro aka yi masa yanka kusa da wurin fa? Majo ya ce jinin zai yi wuyar tsayawa ƙwarai. Ta ce in ba a yi yankan ba fa? Majo bai san labarinmu ba, amma ina jin ya gane daga muryarta. Ya ce ya ga waɗanda suka rayu da ita har ta saki da kanta, ya kuma ga waɗanda ta ƙarar, musamman in da yunwa. Ya ce ba zai iya yi mata rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Muka hau amalanke muka dawo gida. Amma tun daga ranar, in ta ga yaro mai farin ido yana cin ƙasa, ko mai jan fitsari, sai ta tasa uwarsa gaba sai an kai shi Keita.

Ba kullum take dacewa ba, kuma ba zan rubuta cewa tana dacewa ba. An taɓa kawo mata wata mata daga wajen Buza, jininta gauraye da yawu har ya ƙi kwanciya, abin ya ruɗi Gwaggo. Ta hana matar ruwa, ta yi ta jira, babu abin da ya leƙo. Ashe ciwon ƙirji ne. Matar ta rasu bayan an mai da ita gida. Ko da yake kowa ya ce ciwon ya riga ya ci ƙarfinta, Gwaggo ta yi kwanaki ba ta fito gindin adduwa ba.

A fari na biyu, da mutane suka koma shan kowane irin ruwa, aikinta ya yi yawa har ba ta samun zama. A cikin wannan hali ne wanzamin nan ya zo. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ɗansa ya tafi cin rani Kurmi, can kudu, ya bar masa iyali. Jikarsa ce ke haɓo ba tsayawa. Ya tsaya a zaure ya kasa yin sallama, sai matata ce ta gan shi ta shiga ta faɗa. Gwaggo ta ce a shigo da yarinyar, shi kuma ya tsaya inda yake. Ta cire mata abin kafin la'asar. Da ta ga yadda yarinyar ta yi fari, sai ta ce ba za ta koma gidan da babu abinci ba. Ta ajiye ta a ɗakinta tana raba mata nata rabon, a lokacin da rabon kowa bai wuce tafin hannu ba, har jini ya dawo mata a ido. Wanzamin ya aiko da godiya. Ta ce a gaya masa ta ji. Bai kai ƙarshen farin ba ya rasu, kuma ta je gidan ta yi wa matan gaisuwa.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Zazzaɓi ne na farkon damina, ya kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura, ta daina cin abinci. Baba ya riƙa zama a bakin ƙofarta tun daga dawowarsa masallaci, ya bar gona ga yara. Ranar Litinin da hantsi ina zaune kusa da ita ina yi mata fifita, sai ta buɗe ido ta ce wa ke bakin ƙofa. Na ce Baba ne. Ina jiran ta ce in gaya masa wani abu, sai na ji ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta ta ce, “Ƙanena, shigo.”

Ya shigo yana dafa bango. Ya tsuguna. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

“Ranar da anka yi yankan nan,” in ji ta, “kai ka riƙe kai.”

Baba ya ce haka ne.

“Ni na riƙe ƙahwahu. Shina shure-shure, shina kallona, ni kuwa na danne. Ni na ce ma wanzami ya yi maza.” Ta numfasa. “Ka sani, ba ka taɓa hwaɗi ba.”

Baba ya ce ta bar wannan magana, ta yi salati. Ta ce za ta yi, amma sai ya yafe mata tukuna. Ya ce babu abin da ta yi masa. Ta ce akwai. Sai ya ce ya yafe, duniya da lahira, ita ma ta yafe masa. Suka zauna hannu cikin hannu, tsofaffi biyu, ba mai kallon wani. Na ajiye mafici na fita, don na ga wurin ba nawa ba ne. Washegari ta cika.

Ni ban kasance a wurin yankan ba, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin wannan daga bakin kowa ba. Bayan an watse daga sadakar bakwai na sami Baba shi kaɗai a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, ko ranar sunan nan da ta tozarta shi a gaban jama'a. Bai ɗago ba. Ya ce ranar nan saura kaɗan ya faɗa, Allah ya riƙe masa harshe.

“Uwa ce,” ya ce. “Kayan nan sai an aza su bisa wani. In ba ta aza mini ba, kanta za ta aza ma, kuma da ba ta kai baɗi ba.”

Ya ci gaba da buga ƙotar a ƙasa har ruwan hauyar ya zauna.

Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya haɗa ta da ɗanta a inda babu ƙishi. Ya saka mata da kowane numfashi da ta buɗe wa bawansa, ya yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Shi kuma tsohon da ta bari a zaure, Allah ya ba shi ladan shirunsa. Amin.